Dokar da Baba Ya Sa wa Cikinsa

Litinin, 16 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau Nas Apaula ta zo garinmu da ma'auninta kamar yadda ta saba duk wata, ta baje kayanta a zauren mata. Baba ya ce ba inda za shi, wai shi matai ne, mai sarautar dangi, ba ya zama a zauren mata. Goggo Fuatino ta leƙo daga madafa ta ce, "Etuale, tashi." Sai ya tashi. Ita ce yayarsa, kuma tun da Mama ta tafi Auckland jinyar Kaka ita ke riƙe da gidanmu.

Ni na bi shi da laima. Ya hau ma'auni, kilo ɗari da talatin da huɗu. Nas ta soki yatsansa, ta duba na'urarta, ta sake sokar wani yatsan. Matan da ke saƙar tabarma duk suka tsaya.

"Yallaɓai," ta ce, "sukarin nan fa ba ya jin maganarka."

"Ai ba ɗan garin nan ba ne, shi ya sa," in ji Baba. Matan suka kwashe da dariya. Nas ba ta yi ba.

Ta ba shi sabuwar ƙwaya da takarda. Idonsa hazo-hazo yake gani yanzu, don haka ni na karanta masa. Kalori dubu ɗaya da ɗari takwas a rana. A ci sau uku. Tafiyar rabin sa'a kullum. Kada a sha ƙwaya ba a ci abinci ba. A bayan takardar an zana gwaza da ayaba da kifi da kwakwa, kowanne da lambarsa. Nas ta ce kalori awon ƙarfin da ke cikin abinci ne, kamar yadda ake awon kananzir da kwalba.

Da muke dawowa mun bi ta ƙofar gidan Baffa Simanu, ƙanen Baba. Yana zaune a kujerarsa mai taya yana kallon teku. Bara war haka ƙafarsa biyu. Shi ma sukari ne. Baba ya ɗaga masa hannu daga nesa, bai tsaya ba.

Talata, 17 ga Satumba, bayan makaranta

Baba ya ce in zo da fensirina. Na zauna a gabansa na naɗe ƙafa.

"Lanu, dubu ɗaya da ɗari takwas sau bakwai."

Na buga, na ce dubu goma sha biyu da ɗari shida.

"To. To'ona'i fa, nawa zai ci?"

To'ona'i shi ne abincin Lahadi bayan coci, inda matai duka ke zama da Fasto a babban zaure. Kowane faifai daga wani gida yake fitowa, kuma matar gidan tana leƙe daga baya ta ga wa ya ci nata wa ya ture. Muka bi hotunan takardar muna haɗawa: gwaza, ganyen gwaza da madarar kwakwa, alade, wutsiyar talotalo, kifi, koko mai sukari, da kwandon da ake biyo shi da shi gida. Na samu wajen dubu shida. Abin da ya saura na raba wa kwana shida, ya ba ni dubu ɗaya da ɗari ɗaya.

"Wannan na mai shekara guda a gabansa ne," in ji Baba. "Ni ba ni da shekara. Raba shi biyu."

Ɗari biyar da hamsin.

Ya ga yadda nake kallon takardar, sai ya ce, "In za a yi babban taro a garin nan, me muke yi wa gonakin gwaza?"

Na ce ana sa musu doka, ba mai tona.

"Har yaushe?"

"Har ranar taro."

"Ranar taron, gwaza yana isar kowa ko ba ya isa?"

"Yana isa."

"To na sa wa cikina doka, Litinin zuwa Asabar. Lahadi a ɗage."

Shi ne dama mai sanar da irin wannan doka a gari, da muryar nan tasa. Na so in ce takardar ta ce sau uku a rana. Ni na karanta masa da bakina, ya kuma ji. Maganar ta zo min har haƙora ta koma.

"Wannan tsakanina da ke ne," ya ce. "Goggonki ba ta iya lissafi ba, hayaniya ta iya."

Alhamis, 19 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Ga yadda ake yi. Goggo ta zuba a madafa, ni in ɗauko faifan in kai masa gaban gida, in zauna in yi masa fifita saboda ƙudaje. Abin da babba ya rage na yara ne, haka muka taso. Yanzu yakan ɗauki rabin dafaffiyar ayaba da ɗan tsokar kifi kamar yatsa biyu, ya haɗiye ƙwayarsa da ruwa, sannan ya turo min faifan.

"Ci."

Sai in ci. Duka. In kai faifan madafa fes, Goggo ta ce, "Kin ga, wai mai rage ƙiba ke nan," ta zuba min nawa. Shi ma in ci.

Na gwada zuba wa aladu, amma aladun na Goggo ne, ta san duk abin da ke shiga kwaminsu.

Tafiyar ma ba ta rabin sa'a ba ce. Yakan hau har gona a kan tudu ya sauko, ya sake hawa. Ya ciro tsohuwar jar rigarsa ta ƙwallon zari-ruga, a ciki kuma ya sa baƙar ledar shara da ya huda wa wuya, wai don gumi ya fita da kyau. In yana tafe kana jin ledar tana ƙara.

Lahadi, 22 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Ina cikin 'yan matan da suka yi fifita a to'ona'i yau. An ajiye wa Baba faifai biyar.

Tsoho Uelese, wanda suka yi ƙwallo tare tun suna samari, ya ce, "Etuale, an ce nas ta hana ka alade. Miƙo min naka, ni ba ni da nas."

"Kai ai haƙora ne ba ka da su," in ji Baba. "Bari in tauna maka, in ya yi laushi ka karɓa."

Har Fasto sai da ya ƙware don dariya.

Baba ya ci. Ban taɓa ganin hannunsa yana sauri haka ba. Bai ɗago kai ba sai da faifai na huɗu ya ƙare. Matar da ta kawo wutsiyar talotalo ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Kin ga mai sanin darajar girki." Na yi murmushi don ta daina kallona.

Yanzu yana kwance. Ya shanye buta uku ta ruwa, yana ta zaryar bayan gida.

Talata, 24 ga Satumba, da rana

Bai ci ba. Na ci.

Alhamis, 26 ga Satumba, ƙarfe huɗu da rabi

Ya je kanti ya hau ma'aunin da ake auna busasshiyar kwakwa. Ɗari da ashirin da tara. Mai kanti ya fito waje yana kiran mutane su zo su gani. Wata ta ce, "Matai, in matarka ta dawo ai ba za ta gane ka ba, sai ta wuce ka ta shiga gidan Uelese." Baba ya yi dariya har da riƙe zanensa, don ya fara yi masa sako-sako.

Ya dawo gida yana waƙa. Rabon da in ji yana waƙa tun kafin a kai Baffa asibiti. Ni ma na ji daɗi. Abin da ke rikita ni ke nan. In abin ba shi da kyau, me ya sa kowa ke murna? Wataƙila ni ce ban gane ba. Bara-bara na gama firamare, shi kuwa shekararsa ashirin yana magana a gaban gari.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan addu'ar yamma

An buga ƙararrawar addu'a, muka zauna. Baba ya ɗauko waƙa, muka kai ƙarshe, sai ya sake ɗauko ta daga farko. Muka bi shi. Da ya fara addu'a sai ya roƙi Ubangiji ya ba Kaka Tavita lafiya. Kaka Tavita mahaifinsu ne, kabarinsa na nan gaban gidanmu, a kai nake shanya kayan makaranta.

Na buɗe ido ɗaya. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, hannunsa na rawa a kan gwiwa.

Goggo ta ce, "Etuale, sha ka yi ne?"

Ya daka mata tsawa. Bai taɓa ba. Namiji ba ya ɗaga wa 'yar'uwarsa murya, ko yaro ya san wannan.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fasa ɗanyar kwakwa na kai masa baki. Ya shanye. Can sai idonsa ya dawo daidai, ya dube mu kamar yanzu muka shigo. Ya ba Goggo haƙuri, ya ce rana ce ta buge shi a gona. Ta tashi ta shige madafa.

Da ya ga ta tafi sai ya ce da ni a hankali, "Nawa kwakwar nan take a takarda?"

Na faɗa masa.

"Cire ta daga na Litinin."

Lahadi, 29 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Mama ta kira a wayar Goggo. Ta ce sanyi ya ishe ta, Kaka kuma ta ƙi shan magani sai an yi mata waƙa. Ta tambayi makaranta. Sannan ta ce, "Babanki yana cin abinci dai ko?"

Goggo na tsaye a kaina tana jiran wayarta. Baba na kwance a tabarma bayan ginshiƙi, idonsa a rufe, amma na san ba barci yake ba.

Na ce, "Yau ya ci sosai."

Ba ƙarya na yi ba. Yau Lahadi ce.

Ba ƙarya na yi ba.

Talata, 1 ga Oktoba, ƙarfe uku da rabi

Siket ɗina na makaranta ya ƙi rufuwa da safe. Goggo ta ja ta ja, ta ce, "Ikon Allah. Uban na zubewa, 'yar na kwashewa. Lanuola, ko a makaranta ma umu suke haɗawa suna gasa muku alade?" Ta ɗaure min da fil. Fuskarta na kusa da tawa, ba kowa a wurin. Na buɗe baki. Ta ce, "Mene ne?" Na ce fil ɗin ne ya soke ni.

Da na dawo ta aike ni da miya gidan Baffa Simanu. Na zauna a ƙasa kusa da tayar kujerarsa. Yakan rufe wurin da aka yanke da zane, amma iska ta ɗaga. Na kalli teku.

"Ina ganin babanki kullum yana hawa tudun nan," ya ce. "Sau biyu. Nakan ƙirga."

Na gyaɗa kai.

"Da ni ma na yi haka lokacin da nas ta gaya min, da yanzu tare muke hawa. Ni dariya na yi mata, na ce ƙiba ai ado ne. Ki gaya masa kada ya tsaya, kin ji? Kowa zai ce masa ya isa haka. Kada ya saurare su."

Dama na shirya a hanya cewa shi zan gaya wa. Na karɓi kwanon na dawo.

Laraba, 2 ga Oktoba, da safe

Rabin ayaba. Ƙwaya. Ledar nan. Ya fita.

Alhamis, 3 ga Oktoba, ƙarfe shida saura

Bai dawo ba. Tun ƙarfe biyu ya fita hawa na biyu. Goggo ta ce wataƙila ya tsaya hira. Baba ba ya tsayawa hira in an kusa buga ƙararrawa, shi ke jan addu'a.

An buga ƙararrawa.

Juma'a, 4 ga Oktoba, tsakar rana

Yana asibitin gunduma. Yana da rai.

Ba zan rubuta yadda muka same shi ba. Ni na fara ganin takalminsa ɗaya a kan hanya, kusa da rafi. Akwai tururuwa. Uelese ya yaga ledar da haƙoran da Baba ya ce ba shi da su, yana kiran sunansa yana zaginsa yana kuka. Mutum shida suka ɗaga shi zuwa bayan mota.

Ban je makaranta ba. Na wanke rigar ƙwallon. Na sake wanke ta.

Asabar, 5 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Mun je asibiti da abinci. An sa masa ruwa a hannu. Ya yi fari-fari, amma ya gane mu, har ya ce Goggo ta zo da gwaza ko da wa'azi.

Likita ya zo tare da Nas Apaula. Ya ce sukarinsa ne ya faɗi ƙasa warwas, da an ƙara sa'a ɗaya da wani zancen ake yi. Ya tambaya, "Yana cin abinci sau uku?"

"Sau uku!" in ji Goggo. "Ni nake zubawa da hannuna. Faifan nan fes yake dawowa, ko ƙashin kifi da ƙyar. Ga mai kai masa nan, ku tambaye ta."

Duka suka juyo. Likita, Nas, Goggo, har matar gadon kusa. Baba kaɗai ne bai juyo ba, yana kallon fankar sama.

Na gyaɗa kai.

Likita ya ce to wataƙila ƙwayar ce ta yi masa ƙarfi, ga tafiyar ta yi yawa. Ya rage ƙwayar kaɗan, ya ce jibi a sallame shi.

Na fita wajen famfo wanke kwanoni. Nas Apaula ta biyo ni ta tsaya.

"Lanu, akwai abin da kike so ki gaya min?"

Na kalli takalminta. Fari ne, amma igiyar ƙafar hagu baƙa ce.

Ta jira. Sannan ta ce, "Bari ni in gaya miki. Mutum mai jikin babanki, mai irin tafiyar nan, ko dubu ɗaya da ɗari takwas ɗin nan a takure yake. Ƙwayar nan ba ta san ranar mako ba. Kullum tana jan sukari ƙasa, ko an ci ko ba a ci ba. In ba a ci ba, wata rana zai kwanta ya ƙi tashi. Kin gane?"

Na ce na gane.

"To?"

Ruwa ya cika kwanon yana zuba a ƙafata. Aka kira ta daga ciki, ta tafi.

Litinin, 7 ga Oktoba, da yamma

Ya dawo gida. Gari duka sun zo gaisuwa, kowa da kwandonsa. Ya ci abincin rana, ya ci na yamma, na gani da idona. Na yi masa fifita har hannuna ya gaji ban ji ba. Wataƙila shi ke nan. Wataƙila tsoron da ya ji ya isa, ba sai na ce komai ba.

Abu ɗaya dai. Ya gaya wa Uelese cewa a asibiti sun auna shi, ɗari da ashirin da huɗu. Yana faɗa yana murmushi.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Dokar ta dawo.

Ya turo min faifan, na ƙi ɗauka. Hannuna ne kawai bai motsa ba. Ya ce, "Kuskurena ɗaya ne ranar nan, ban tafi da ruwa ba. Kilo goma, Lanu. So kike in mayar da su? So kike ki riƙa tura ni a kujera?"

Na ce a'a.

"To ci."

Na ci.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan makaranta

Na sa masa sukari cokali biyu a ruwan ganyen lemo da safe. Ya kurɓa sau ɗaya, ya dube ni, ya miƙa hannu ya tuttular a kan duwatsun bakin gida. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

A aji Malama ta kira sunana sau uku. Tagarmu tana kallon tudun. Ina ta neman jar riga a cikin kore.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Jibi Lahadin Yara. Farar rigata ta ƙi shiga, Goggo ta farke gefe ta ƙara ƙyalle. Ina da aya huɗu da zan faɗa a gaban coci, na haddace su amma in na tuna mutane sai su gudu.

Ranar nan ba to'ona'in matai. Yara ke fara ci, manya su kawo musu faifai su yi musu fifita, abin da muka rage shi ne nasu. Da ita ce ranar da na fi so a shekara. Bana ko ƙamshin madarar kwakwa ba na son ji.

Asabar, 12 ga Oktoba, da rana

Hannunsa na rawa ya kasa ɗaura zane. Ya fita duk da haka. Na zauna a kan kabarin Kaka Tavita har na hango shi yana saukowa.

Ubangiji, ni ba na iya magana, ka sani. Ka sa wani ya gani.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na faɗi aya uku, ta huɗu ta ɓace. Ba wannan zan rubuta ba.

Bayan coci an shimfiɗa tabarma a gidanmu. An turo Baffa Simanu, 'ya'yansa ƙanana suka zauna kusa da ni. Baba da kansa ya ɗauko faifaina daga madafa. Ya durƙusa da ƙyar ya ajiye a gabana, ya zauna inda nake zama kullum, ya ɗauki maficina. Kaza, gwaza, alade, ga askirim a kofi yana narkewa.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "a ci a rage wa talakawa."

Yaran suka yi dariya suka hau ci. Ni na kalli faifan. Na kalli hannunsa a kan maficin. Yana rawa, maficin na kaɗawa ba daidai ba.

"Ci mana," in ji Goggo. "Tun asuba nake kan wuta."

Na ce na ƙoshi.

"Kin ƙoshi da me? Ko shayi ba ki sha ba."

Ban shirya ba. Wallahi ban shirya ba. Na ji bakina ya ce, "Da abincin Baba."

Maficin ya tsaya.

Sauran ya fito da kansa, a birkice, ina kallon tabarma. Rabin ayaba. Ɗari biyar da hamsin. Dokar. Cewa ni nake cinye faifan tun washegarin ranar da Nas ta zo, kuma ni na yi lissafin da fensirina. Cewa na gyaɗa wa likita kai. Muryata ƙarama ce amma ba wanda bai ji ba, don ko yaran sun daina tauna.

Na zaci Goggo za ta yi hayaniya. Ba ta yi ba. Ta ajiye cokalin da ke hannunta, ta zo ta zauna a gaban Baba, gwiwa da gwiwa.

"Etuale. 'Yan'uwa biyu gare ni. Ɗaya na ba asibiti ƙafarsa. Kai gaba ɗayanka kake so in ba su?"

Ta nuna ni da hannu.

"Kuma ka rasa wanda za ka ɗora wa sai yarinya?"

Can Baba ya ce, "Fuatino, ni na riƙe Simanu ranar da za a shiga da shi tiyata. Na ga abin da suka fito da shi a naɗe." Bai kalli Baffa ba. "Tsoro nake ji."

Ban taɓa jin matai ya faɗi wannan kalmar ba.

Baffa Simanu ya share fuska da gefen zanensa ya ce, "Kai dai sakarai ne tun muna yara. Ni kullum ina zaune ina ƙirga maka hawa, ashe gawa nake ƙirgawa. Ni ƙafa ɗaya gare ni amma ga ni, ina shirin cin ragowar kazar 'ya'yana."

Ba wanda ya yi dariya. Goggo ta jawo faifaina ta tura gaban Baba ta ce, "Yarinya ta rage. Na manya ne yanzu." Ya ci kaɗan. Askirim ɗin ya narke ya zama ruwa, ƙaramar Baffa ta shanye.

Tun daga lokacin bai dube ni ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, tsakar rana

Hutu ne amma Goggo ta sa an ɗauko Nas Apaula a motar Uelese. Ta daɗe a gaban gida da Baba da Goggo. Ni ina madafa ina kankare kwakwa, amma ana ji. Ta ce ciki ba gona ba ne, abin da aka hana shi Talata ba ya jiran Lahadi. Ta ce kwana shida yana faɗuwa rami, rana ɗaya yana hawa bishiya, kuma duka biyun suna cin ƙafa da ido. Ta ce a koma dubu ɗaya da ɗari takwas kowace rana, har da Lahadi, a sauke ledar, kuma kada ya hau tudu ba wani abu mai zaƙi a tare da shi.

Baba ya ce, "Lahadi fa? In ture faifan matar Fasto?"

Nas ta ce ya ɗan taɓa kowanne.

"Ke ba 'yar garin nan ba ce," ya ce.

Goggo ta ce ita za ta bi gidajen matan ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce in ta yi haka gari duka zai san matai ya koma jariri. Ba su gama ba Nas ta tafi.

Goggo ce ta kai masa abincin rana da kanta, ta zauna har ya gama. Ba a kira ni ba.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Yau ma ba a kira ni ba. Ya wuce ni a bakin famfo kamar ginshiƙi.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe shida saura kwata

Na dawo makaranta ina cire takalmi, sai na ji muryarsa daga gaban gida. Ba sunana ya kira ba. Cewa ya yi, "A mayar da takalmin nan."

Goggo ta miƙo min nunanniyar ayaba biyu da gorar ruwa.

Yana gaba ina baya, taku kamar biyar tsakaninmu. Ba leda, don haka ba abin da ake ji sai numfashinsa da tsakuwa. Muka wuce gidan Baffa, ya ɗaga mana hannu. Muka wuce rafin, na kalli ɗaya gefen. Bai yi min magana ba, ko kalma. Ban sani ba ko ya huce. Ban sani ba me zai faru Lahadi in an jera masa faifai biyar matan suna leƙe. Saura kwana huɗu, kuma ba wanda ya san amsar, har Goggo.

Ba mu kai gona ba. A rabin tudu ya tsaya, ya dafa bishiyar kwakwa, yana kallon rufin gidajen gari a ƙasa. Na ga bayan wuyansa ya jiƙe. Na tsaya inda nake, ina neman yadda zan ce masa lokaci ya yi.

Bai juyo ba. Hannunsa kawai ya miƙo ta baya, tafin a buɗe.

Na ɓare ayabar na sa masa.